Hannun Hagu a Kan Kibod

A gidanmu babu wanda ya kai hannuna na hagu shan duka. Ya fi jakin Baba, ya fi turmin Inna. Bahaguwa aka haife ni, kuma Kaka, mahaifiyar Baba, ta ɗauki abin a matsayin yaƙin da aka ɗora mata a ƙarshen rayuwa. Makaminta muciya. In na tsoma hannun a kwanon tuwo, ƙwas. In na karɓi saƙo da shi, ƙwas. In na nuna mutum da shi, ƙwas biyu, ɗaya na nuni ɗaya na hagu. Da na kai shekara biyar ta ga dukan ba ya ci, sai ta ɗaure min hannun a jiki da tsohon ɗankwalinta, na riƙa yawo a tsakar gida kamar kazar da aka karya wa fiffike. A lissafina shekara uku na yi a ɗaure. Inna ta ce kwana tara ne.

An dai ci nasara. Na koma ci da dama, karɓa da dama, rubutu da dama. Sai dai rubutun nawa, in ka gan shi za ka rantse kaji ne suka yi dambe a kan takardar. Wani malaminmu ya taɓa juya littafina sau biyu, sannan ya tambaye ni ta wane gefe ake farawa. Daga nan aka ajiye ni a sahun marasa ƙoƙari, ni kuma ban yi gardama ba, domin a bencin baya aka fi hira mai daɗi.

Garinmu ƙarami ne, tsakanin Ɗambatta da Kunci, gona manne da gona, gida manne da gona. In ka yi atishawa a taku gonar, daga gonaki huɗu za a yi maka addu'a. Babu abin da yake ɓoyuwa a wurinmu.

Bara, ina aji ɗaya na babbar sakandare, aka kawo wa makarantarmu kwamfutoci. Biyar aka sauke daga mota, uku suka yarda suka tashi, sauran biyun gaishe su kawai muke yi. Aka kafa sola a kan rufin ɗakin da a da ake tara karyayyun kujeru, aka share shi, aka sa labule. A wajen asambili Firinsifal ya yi jawabi har rana ta dafa mana tsakar ka, kuma a ƙarshen jawabin ya faɗi abu ɗaya da ya shiga kunnena. Waɗanda suka ba da kwamfutocin sun ba da gurbi ɗaya a wata cibiyar koyon kwamfuta a Ɗambatta, sati shida a hutun damina, kyauta, har da takardar shaida. Ɗalibi ɗaya tak za a tura daga ajinmu, wanda ya fi kowa iya buga rubutu a ƙarshen shekara.

Ban sa raina ba. Kowa ya san gurbin na monita ne. Monitan ajinmu yaro ne da rigarsa ba ta rabuwa da guga, rubutunsa kamar an ɗinka shi da keke, kuma shi kaɗai ne a cikinmu yake iya jera kalmomin Turanci biyar ba tare da ya nemi agajin Hausa ba.

Mu sauran, Turancinmu bai cika aljihu ba: good morning sir, present sir, excuse me sir. Ko mace ce a gabanmu sir muke ce mata. Ita kuwa wadda aka ba mu ta koya mana 'yar bautar ƙasa ce daga kudu, muna kiranta Anti, kuma Hausarta ba ta fi Turancinmu yawa ba. Ta san sannu, ta san zauna, ta san ba kyau. Da nata ukun da namu ukun aka ce a yi karatun kwamfuta. Saboda haka yawancin darasin da hannu aka yi shi, ta kama yatsanka ta ɗora shi inda take so.

Ranar farko ta ajiye bokitin ruwa da sabulu a bakin ƙofa, kowa sai ya wanke hannu kafin ya shiga. Daga nan muka gane abin mai daraja ne. Wasu har takalmi suka cire. Mutum biyar-biyar ake zama, uku a gaban masu rai, biyu a gaban matattun, sauran aji su tsaya a baya suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba. Anti ta ɗaga hannayenta biyu sama, ta sauke su a kan kibod, wato farantin nan mai madannan haruffa, ta nuna a yi yadda ta yi. Biyar ɗin farko suka ɗora hannun dama. Hagu kuwa kowa ya ɓoye nasa, maza a ƙarƙashin tebur, mata a cikin hijabi.

Ta ɗaga nata hagun ta kaɗa shi. "Left hand. Left hand, please."

Muka kalli juna. Abin da sai ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa, kuma abin rubutu, shi za a ce ka taɓa da hannun tsarki? Wata a bayana ta ce ƙasa-ƙasa, "Ƙila su a garinsu da shi suke cin tuwo." Wani ya ce, "Wa ya gaya miki suna da tuwo?"

Monita ya miƙe don ya fitar da mu kunya. Ya gyara murya ya ce, "Anti, left hand is no good."

Ta yi dariya, ta zo ta zaro hannun nasa daga ƙarƙashin tebur, ta jera masa yatsu huɗu a kan haruffa huɗu. Ya zauna a sandare kamar an ɗora masa hannu a kan murfin tukunya mai tafasa. Tana juya baya ya janye abinsa.

Haka ajinmu ya samo dabararsa, kuma a kanta aka tafi har ƙarshen shekara. In Anti tana kallo, hagu yana kwance a kan kibod kamar mataccen kifi. In ta kau da kai, sai manuniyar dama ta fito farauta, ta yi ta shawagi a sama kamar shirwa, ta hango harafi, ta faɗa masa. Harafi ɗaya, sai a huta. A haka in aka ba yaro layi biyu, gemu zai fito masa kafin ya kai aya.

Ni layina ya zo a rana ta biyu. Anti ta kamo hannun nawa daga cikin hijabi, na fizge, na runtse ido ina jiran muciya. Ta ce, "Zauna," ko da yake a zaune nake. Ta sake kamowa, ta jera min yatsun: ƙaramin a kan A, na kusa da shi a kan S, na tsakiya a kan D, manuniya a kan F. A kan F ɗin akwai ɗan tudu kamar ƙwayar gero, don yatsa ya gane gidansa ko ido a rufe yake. Ta danna min su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta rubuta sad a allo, ta ɓata fuska ta sauke leɓe don mu gane ma'anar kalmar, ta nuna min in buga.

Na san an san ni da ƙara wa labari gishiri, amma wannan karon ban ƙara ko ƙwaya ba. Yatsun da kansu suka tafi. Kafin in tuna inda S yake, kalmar ta fito a gilashi. Shekara goma sha ɗaya hannun nan yana zaman kaso, ranar da aka buɗe masa ƙofa ko waiwaye bai yi ba. Sad, dad, add, na cika layi, na cika na biyu. Anti ta tsaya a kaina ta faɗi wata doguwar magana da Turanci, wadda ban kama ko wutsiyarta ba, sannan ta dafa min kafaɗa. Tunda na shiga makaranta, ranar ce ta farko da malami ya taɓa ni ba don horo ba.

Abin da ya fi min daɗi ma ba saurin ba ne. A gilashin kwamfuta rubutuna da na monita iri ɗaya ne sak. Babu kaji, babu dambe, babu mai tambayata ta wane gefe ake farawa.

Tunda ba ma jin juna, Anti sai ta koma zuwa aji da kaya a jaka. Ta ɗaga kofin ruwa, ta rubuta water, mu buga. Ta ɗaga burodi, bread. Ta ɗaga alawa, sweet, wanda ya riga kowa bugawa daidai ya shanye. Na sha alawa a shekarar nan har haƙorana suka fara kai ƙarata. Sannu a hankali na lura kalmomi da yawa a unguwar hagu suke zaune gaba ɗayansu. Water, bread, sweet, tree, read, duk hagu yake gama su, dama tana zaune tana hamma. Na ce a raina, ashe Turawan nan duk bahagwai ne, ba a gaya wa Kaka ba. Turancin da shekara tara na alli da bulala suka kasa cusa min a ka, sai ga shi yana shiga ta yatsu. In na manta yadda ake rubuta kalma, ba kaina nake tambaya ba, hannuna nake tambaya. Wanda ya ba ni wahala shi ne na daman, ɗan gatan gida. Sai da na yi sati uku ina zaginsa kafin ya san inda J da K suke.

Kowa minti goma yake samu, sau biyu a sati, in kuma hadari ya rufe rana sola ta yi fushi, shi ke nan. Bai ishe ni ba. Na koma bugawa a kan duk abin da ya tsaya wuri ɗaya: gwiwata, bencin aji, murfin randa, bayan jakin Baba. Wata la'asar muna ɓarar gyaɗar iri a tsakar gida, ni da Inna da Kaka, na manta da gyaɗar, yatsuna suna ta rawa a gefen faifai. Kaka ta zuba min ido.

"Ke, me ya sami hannun nan?"

"Karatu yake yi, Kaka."

"Hannu yana karkarwa shi kaɗai ki ce min karatu?" Ta juya wajen Inna. "Ku dai ku nemo mata hayaƙi. Tun tana zanen goyo na ce hannun nan ba shi kaɗai ba ne."

"Malamarmu ce ta ce da hannu biyu ake yi."

"Wace malamar?"

"Anti, 'yar bautar ƙasa."

"To ta bauta wa ƙasar ta bar min jika. Shekara nawa na yi ina gyaran abu, wata ta zo da wandon kaki ta warware min a wata ɗaya."

"Kwantar da hankalinki, tsohuwa. In na je Ɗambatta na dawo, ni zan riƙa buga miki wasiƙa zuwa ga samarinki."

Muciya ba ta kusa, sai ta jefe ni da ɓawon gyaɗa.

Maganar ta je gaban Baba da ya dawo daga gona. Baba ba ya son doguwar shari'a. Ya gama wanke ƙafarsa, ya ce, "In an ce da hannu biyu, ki yi da biyu. Fartanya ma da biyu ake riƙe ta. Amma kwano da hannun mutane, dama. Kin ji ko?"

Na ce na ji.

"In kuma kika ci, gidan gwaggonki na Ɗambatta yana nan. Sai ki zauna can."

Wallahi na ji shi. Sai dai daga ranar rabin hankalina ya riga ya hau mota. Sau uku kacal na taɓa zuwa Ɗambatta, duk ranar kasuwa, duk ina riƙe da igiyar akuya. Yanzu kuwa na riƙa ganin kaina a ɗaki mai fanka, kwamfuta tawa ni kaɗai daga safe har azahar, babu mai cewa minti gomanki ya cika. Na haɗa jaka a raina sau ɗari. Har na zaɓi hijabin da zan sa ranar karɓar takardar shaida.

Aka sa ranar gwaji a satin ƙarshe na zango na uku. Ruwa ya sauka da safe, sannan rana ta fito, sola ta ƙoshi. Firinsifal ya gayyato dattawan ƙungiyar iyaye da malamai su shaida, mutum biyar cikin manyan riguna, suka cika ɗakin da ƙamshin turare. Shugabansu wani Alhaji ne da kowa yake ganin girmansa a garinmu, kuma ba a banza ba, shi ya rufa mana azuzuwa biyu da iska ta yaye. Mu uku Anti ta fitar: ni, da monita, da wani yaro da aka sa don kada kwamfuta ta uku ta zauna haka nan.

Anti ta rubuta layi biyar a allo, labarin manomi da geronsa da gyaɗarsa. Sannan ta ari ɗankwali a wajen wata 'yar ajinmu, ta zo ta lulluɓe min hannaye da shi a kan kibod, don dattawa su ga ba kallo nake yi ba. Na laluba, manuniya ta sami ƙwayar geronta. Anti ta ce, "Start."

Ƙarar da ta tashi daga ƙarƙashin ɗankwalin nan, kamar ruwan sama a kan rufin kwano. Idona a kan allo, kunnena a kan dattawa.

"Kai! Ba ta kallo fa!"

"Wannan yarinya ce ko injin niƙa?"

Alhaji ya matso, ya ɗaga gefen ɗankwalin ya leƙa, kamar mai duba kaza a kan ƙwai. Ya ga yatsu goma suna aiki, na hagu da na dama, ya saki, ya ce, "Ikon Allah." Bai ce komai a kan hagun ba. Ina so a rubuta wannan, domin daga baya wasu sun ce tun a nan ransa ya ɓaci. Bai ɓaci ba, murmushi yake yi.

Na kai aya ta ƙarshe na waiwaya. Monita yana tsakiyar layi na biyu, shirwarsa tana shawagi. Ranar ko mataccen kifin bai ɗora ba, saboda manya suna wurin, hagunsa yana kan cinya cikin ladabi. Yaro na uku kuwa ya danna wani abu, komai ya ɓace masa, yana zaune yana kallon farin gilashi.

Anti ta fara tafi. Ta danna wani wuri, firinta, injin da ke fitar da rubutu a takarda, ta yi nishi, ta yi tari, ta turo takardata. Firinsifal, bakinsa har kunne, ya ce, "Ɗauki ki kai wa Alhaji ya gani da idonsa."

Firintar a haguna take. Hannuna na dama yana riƙe da ɗankwalin mutane. Takardar da ɗuminta, rubutun a miƙe kamar kunyar gonar da aka ja da igiya, kuma nawa ne. Na ɗauka, na yi taku uku, na durƙusa har ƙasa, na sunkuyar da kai yadda Inna ta koya min, na miƙa.

Ina kallon takalmin Alhaji ina jiran a zare takardar daga hannuna. Ba a zare ba. Ɗakin ya yi tsit, in ban da Anti da take ta tafinta ita kaɗai. Na ɗago kai. Alhaji ya mai da hannayensa biyu baya, yana kallon hannun da na miƙo masa. Sai a lokacin ni ma na kalle shi.

Na yi wuf na sauya, ɗankwalin ya faɗi, takardar ta lanƙwashe.

"Ajiye a kan tebur, yarinya," in ji Alhaji, ba da faɗa ba. Ya juya wajen na kusa da shi. "'Yar gidan wa ce?"

Aka gaya masa.

"Allah sarki. Gidan mutunci kuwa." Ya dubi Firinsifal. "Malam, ilimi muna so, kai ma shaida ne. Amma yaron da zai je garin mutane da sunan makarantar nan, da sunan garin nan…" Bai ƙarasa ba. Sauran huɗun suka ƙarasa masa da gyaɗa kai.

Anti ta daina tafi. Tana ta kallon fuskoki ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "What happened? What happened?" Babu wanda ya amsa mata, sai monita, Allah ya saka masa, ya taso daga kan layinsa na biyu ya yi mata fassara: "Anti, I tell you. Left hand is no good."

Da dattawa suka tafi, Anti ta bi Firinsifal ofis. Mu kuma muka bi bayan taga, kamar yadda muka saba. Ta yi ta zuba Turanci. A nan ne, a tsugune cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, na fara jin cikakkiyar maganar Turanci na gane ta daga farko har ƙarshe ba tare da an ɗaga min kofi ko burodi ba. Ta ce, "She is the best. It is not fair." Shi kuma ya ce, "You don't know our people." Wannan ma na gane.

Labari ya riga ni isa gida, ya sha ruwa, ya huta. A hanya ma wata mata da take cire ciyawa a gonarsu ta ɗago ta ce, "Ke ce kika miƙa wa Alhaji hagu?" Kafin in kai ƙofarmu an ce jefa masa takardar na yi. Washegari na ji an ce a tsaye nake, har da murguɗa baki.

Kaka tana zaune a bakin ɗakinta, muciya tana jingine kusa da ita. Na tsaya na miƙa wuya, don na san yau har ni na yarda na ci. Ba ta ɗauka ba. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta ce, "Kwana tara ya yi kaɗan." Ta ci gaba da tsince wakenta. Da dukan ta yi da ya fi min sauƙi.

Bayan la'asar Baba ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ce in sa hijabi in biyo shi. Muka je zauren Alhaji. Na durƙusa, na ba da haƙuri da kalmomin da Baba ya koya min a hanya.

"Haba, haba," in ji Alhaji. "Ai 'yata ce. Yarinta ce kawai. Na yafe duniya da lahira. Tashi, tashi, Allah ya yi miki albarka." Ya ɗebo dabino ya ba ni, na karɓa da hannu biyu, na daman a sama.

Baba ya yi gyaran murya, ya murza hularsa a gwiwa. "To Alhaji, maganar Ɗambattan fa?"

"A'a, wannan ai ta makaranta ce. Mu shaida kawai aka kira mu. Mun bar wa Firinsifal."

Da safe Baba ya bar gona ya je wajen Firinsifal. Firinsifal ya ce ai maganar ta iyaye ce, shi ba ya tsallake abin da dattawa suka gani. Baba ya dawo ya ɗauki fartanyarsa. Ban taɓa ganin ya rasa rabin yini a damina saboda wani ba, sai ranar, kuma a banza.

Ranar ba da hutu Firinsifal ya kira monita gaban asambili, ya ce shi ne zai wakilci makaranta a Ɗambatta, saboda ƙoƙari da kuma ladabi. Ya ja kalmar ladabin har ta kusa tsinkewa. Aka yi tafi. Ni ma na yi, da hannu biyu, tunda har yau ba a gano yadda ake tafi da dama kaɗai ba.

Sati shidan nan a gona na yi su, ina noman maimai a bayan Baba. Duk motar da ta wuce ta nufi Ɗambatta sai na san da ita, ko bayana na ba titi. Hannun nawa kuwa bai san an yi komai ba. In muka zauna shan fura a gindin kuka, sai in gan shi yana buga water a kan ƙotar fartanya. Na mare shi sau biyu da kaina, Kaka ba ta ma wurin.

Muna komawa makaranta Anti ta gama bautar ƙasarta. Ranar da za ta tafi ta neme ni, ta kama hannuna na hagu da hannayenta biyu, a gaban kowa. Ta yi ta neman abin faɗa a cikin 'yar Hausarta. Ta ce, "Sannu." Sannan ta ƙara da cewa, "Ba kyau." Zauna ce kawai ba ta yi amfani da ita ba.

Monita ya dawo da takardar shaidarsa a cikin leda, an zagaya da ita aji-aji. Ya ƙaru, ba zan yi masa ƙarya ba. Da yatsa biyu yake bugawa yanzu, duk na dama.

A sati na uku ina bencina na baya ana hira mai daɗi, aka leƙo aka ce Firinsifal yana kirana a ɗakin kwamfuta. Na tarar da monita a zaune yana gumi, Firinsifal a tsaye a kansa yana duba agogo. Wasiƙar godiya ce za a aika wa cibiyar, da Turanci, kuma motar da za ta kai ta ta kusa tashi. Tun safe ake abu ɗaya, an sami layi uku.

"Zauna ki ƙarasa mana," in ji Firinsifal, bai kalle ni ba.

Na zauna. Manuniya ta sami ƙwayar geronta. Ya ajiye min takardar da ya rubuta da biro, na fara. Babu kalmar da ban gane ba a ciki. Makaranta tana godiya da aka horar da ɗalibinta, our best student. Best ɗin nan duk a unguwar hagu take, hannun ya buge ta bai ko tambaye ni ba.

Firinta ta yi nishinta ta turo wasiƙar. Na tashi, na zagaya ta ɗaya gefen, na ɗauka da dama, na durƙusa, na miƙa.

"Yauwa," in ji Firinsifal. "Kin ga yanzu kin yi hankali."

Ya sa hannu, ya ninke, ya ba monita ya ruga tasha da ita. Ni kuma na koma aji, hagun yana cikin hijabi a dunƙule.